Hatimin Da Na Miƙa Wa Mamman

Talata Mafara,
Jihar Zamfara.

Zuwa ga ɗiyata Rahila,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, tare da fatan takardar nan za ta same ki lafiya. Ina gajiyar hanya? Ina baƙunta, ina kuma sanyin Jos? Allah da ya raka ki daga tashar Mafara, ya wuce da ke Gusau da Funtuwa lafiya a wannan zamani da kowa ke shiga mota da addu'a a bakinsa, shi zai tsare ki a masaukinki da wurin aikinki. Ya haɗa ki da abokan zama nagari, ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga marasa lafiyar da za ki riƙa jinya.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Na gwada wayar. Sau biyu ina kiran ki da niyyar in yi maganar nan, sai in ƙare da tambayar ko kin ci abinci. Don haka ki sami wuri ki zauna, Auta, ki karanta a natse. Labarin gari babu wani sabo. Gida yana nan yadda kika bar shi, daga ni sai kajin mamanki. In na dafa shinkafa gwangwani ɗaya, sai ta kai ni kwana biyu. Da la'asar nakan fito da kujera tsakar gida in zauna har a kira magariba a masallacin bayanmu, babu wanda zan ce wa sannu. A cikin zaman nan ne na ga ya kamata ki san ko wane ne ubanki tun ina da bakin faɗa.

Kin tashi kin san ni malamin dabbobi ne, mai duba nama a mayankar Mafara da ta Bakura, wani lokaci har Maradun. Kin san ni dattijon ikilisiya, mai zama a kujerar gaba. Abin da ba ki sani ba ya faru kina goye.

Akwai wani mahauci a Bakura ana ce masa Mamman. Musulmi ne, kuma fawa gadonsa ce tun kakanni. Lokacin da aiki ya kawo ni ƙasar nan daga ƙauyenmu na wajen Malumfashi, ina saurayi, Kirista, ba dangi ba sani, shi ne mutum na farko da ya kira ni cikin rumfarsa ya shimfiɗa mani buzu. Ranar sunan yayanki Dauda, shi ya zo tun da safe ya yanka rago ya gyara shi da hannunsa. Abokina ne, ba ni da wani suna da zan kira shi da shi.

Wata ranar kasuwa da damina na isa Bakura a kan babur. A ranar ne ikilisiyarmu za ta zaɓi dattawa a Mafara, an kuma raɗa mani cewa sunana na ciki. Na sa farin kaftani da sabon takalmi. Na tarar mayanka ta caɓe da laka da jini, sai na tsaya a bakin hanya ban ko kashe babur ba. Mamman ya hango ni, ya taho yana goge hannu a jikin rigarsa.

Ya ce, "Malam Ishaya, sauko ka duba mani wagga saniya. Saifarta ban yarda da ita ba. Ta kumbura, jinin kuma ya yi baƙi."

Na dubi lakar, na dubi takalmina, na dubi agogo. Na ce, "Haba Mamman, shekara nawa kana fawa? Wahalar tafiya ce, daga nesa aka koro ta."

Ya ce, "Malam, ka dai sauko."

Ban sauka ba. Na zaro hatimin da nake buga wa naman da na duba, na miƙa masa daga kan babur, na ce, "Buga da kanka ka kawo mani, sauri nake." Ya ɗan tsaya yana kallona. Daga nan ya je ya buga ya dawo mani da shi, domin ni ne mai karatun, kuma ya yarda da ni. Da la'asar aka zaɓe ni dattijo, aka ɗora mani hannu aka yi addu'a, ina ta murmushi.

Bayan kwana uku labari ya zo. Wani gida a ƙauyen gefen Bakura sun sayi cinyar saniyar nan don bikin suna. Mutanen gidan suka kwanta. Mamman kansa baƙin gyambo ya fito masa a hannu. Kakar jaririn kuwa ba ta tashi ba.

Aka turo masu bincike, aka tara mu a ƙofar gidan Sarkin Fawa. Da aka tambaye ni, na ce, "Ni ban ga saniyar ba." Wannan gaskiya ne. Sai na ɗora a kanta, na ce, "Na manta jakata a rumfarsa, ya ɗauki hatimin ya buga ba da sanina ba."

Mamman yana zaune a ƙasa da tsumma ɗaure a hannunsa. Ya ɗago ya ce, "Malam, haka aka yi?"

Na ce, "Haka aka yi."

Ya ce, "To. Ni da kai duk mun yarda za a tashe mu. Na bar ta sai ranar."

Babu wanda ya ji abin da muka yi a bakin hanya, kuma babu wanda zai ɗauki maganar mahauci ya bar ta ma'aikaci. Aka hana shi yanka a Bakura. Ya kwashe iyalinsa ya koma Janbako wurin dangin uwarsa, ya kama noman da bai taɓa iyawa ba. Bayan shekara bakwai na ji rasuwarsa a bakin wani dillalin shanu. Ko ta'aziyya ban je ba.

Ɗiyata, ke ma yanzu fararen kaya kike sawa, kuma akwai takardun da za ki riƙa sa wa hannu. Kada ki sa hannu a kan abin da idonki bai gani ba. Idan wata tsohuwa da ba ta taɓa shiga aji ba ta ce miki, "Dubo nan, ban yarda da shi ba," ki sunkuya ki duba, ko da kayanki za su ɓaci, ko da ana jiran ki a wurin da za a yabe ki. Idan kuwa kin yi kuskure, kuma za ki yi, ki faɗa da bakinki kafin rana ta faɗi. Ranar farko abin yana da nauyi, amma ana iya ɗagawa. Ni na bar nawa ya shekara ashirin da huɗu. Ki kuma ji tsoron ƙaryar da aka jingina a jikin gaskiya, domin ita ce mutum ke iya rayuwa da ita. Shekaru ina ce wa kaina, ai ban ga saniyar ba.

Na ɗauka abin ya tsaya a Bakura. Ashe ya biyo ni gida.

Kina ƙarama, ba lalle ki tuna ranar da na doki Dauda ba. Yana ɗan shekara goma sha biyar ya ɗauki babur ɗina ban sani ba, ya faɗi da shi, fitila ta fashe. Da na tambaye shi ya ce ba shi ba ne. Abin da uba zai ja wa kunne ya wuce. Ni kuwa na zare bel na dinga dukan sa har mamanki ta faɗa a kansa, ina ihu ina cewa, "A gidana ba a ƙarya!" Maƙwabcinmu Alhaji ya leƙo ta katanga yana ba ni haƙuri. Dauda bai yi kuka ba, ya dai tsaya yana kallona. Tun daga ranar bai ƙara zama kusa da ni ya ci abinci ba. Da ya gama sakandare ya tafi Kaduna, kin kuma san yadda muke har yau: ranar Kirsimeti ya kira, "Baba ina wuni, ya jiki," shi ke nan. Ba fitilar babur na doke shi a kai ba. Kaina na gani a jikinsa, na rasa yadda zan yi da kaina, sai na huce a kan yaro.

Saboda haka, duk ranar da kika ji zuciyarki ta tafasa fiye da kima a kan ƙaramin laifin wani, ki dakata ki binciki kanki tukuna. Wata rana za ki haifi naki. Ki hore su, amma kada ki sa su biya abin da ke kika yi. In kin zalunce su, ki kira su ki ce, "Na yi maka ba daidai ba." Girmanki ba zai ragu ba. Ni da na riƙe nawa girman, ga shi ina zaune da shi ni kaɗai a tsakar gida.

Na uku shi ya fi ci mani rai, shi ne abin da na yi wa mamanki.

Hannatu ta sani tun farko. Bayan an gama binciken nan, wata rana da hantsi tana tankaɗe, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce, "Baban Dauda, jakar nan da ka ce ka manta a Bakura, ai ni na karɓe ta a hannunka ran nan." Na daka mata tsawa, na ce me mace ta sani a aikin gwamnati. Na yi mako guda ba na cin abincinta. Daga nan ba ta ƙara ɗaga maganar ba. Ta ci gaba da wanke mani farin kaftani, tana zama a layin mata tana kallona ina raba Jibin Ubangiji a coci da hannun nan. Shekara ashirin da uku muna kwana ɗaki ɗaya, akwai maganar da ba ma taɓawa. Na sa ta zama ita kaɗai a cikin aurenta, ban kuma gane haka ba sai yanzu da nake ɗanɗana irinsa.

Bara, da ciwon ya kwantar da ita, ranar da kika fita sayo mata kankana da rana tsaka, ta kama hannuna ta ce, "Ka je Janbako."

Na ce, "Sai kin warke."

Ta ce, "Kullum sai wani abu ya wuce. Ni na kusa tafiya wurin Ubangijina, kuma ina so in gan ka a can. Kada ka sa in yi ta duba hanya."

Na ce ta daina irin wannan magana, na tashi na gyara mata filo. Kwana biyar bayan nan ta cika. Ban ce mata ta yafe mani ba. Kalma uku ce, Auta, na kasa.

Idan Allah ya ba ki mutumin da zai gaya miki gaskiyar da ba ki so, miji ne ko ƙawa ko na ƙasa da ke a wurin aiki, kada ki rufe masa baki. Irinsu ba su da yawa, kuma ba sa daɗewa. Kada ki ce sai gobe a neman gafara. Na ga yadda goben take ƙarewa, a kan gadon asibiti, da rabin kankana a kwano.

Kin tuna ranar jana'izarta. Fasto ya tsaya a bakin kabari ya yi maganar tashin matattu: cewa Almasihu ya mutu ya tashi, saboda haka kabari ba shi ne ƙarshe ba, za mu sake ganin juna ido da ido. Na ga fuskarki ta ɗan saki, na ga matan zumunta suna gyaɗa kai. Kowa ya sami ta'aziyya. Ni kuwa na jingina a jikinki, kika riƙe ni kina zaton baƙin ciki ne. Tsoro ne. Tun ina yaro nake furta cewa na gaskata da tashin jiki da rai madawwami, amma na ɗauke shi maganar da ake lallashin masu makoki da ita. A bakin ramin nan na fara jin sa a matsayin abin da zai faru da ni. In Hannatu za ta tashi, to Mamman ma zai tashi. Tsohuwar nan da ta ci naman suna za ta tashi. Ni ma zan tashi, da harshen nan da ya ce "haka aka yi", in tsaya a gaban Mai shari'ar da ya ji abin da aka faɗa a bakin hanya. Duk shekarun nan ina jira ne ƙasa ta rufe maganar, ga shi bangaskiyata da kanta tana gaya mani ƙasa ba ta riƙe kowa.

Na yi watanni a haka. Abin da ya ɗaga ni ya zo ranar Ista, bikin tashin Almasihu, kina cikin mawaƙa, ina zaune ina saurare. Na tuna cewa Ubangiji ya tashi da tabon ƙusa a hannunsa. Tashin bai share abin da aka yi masa ba. Amma da hannun nan mai tabo ya je ya nemi waɗanda suka gudu suka bar shi, har da wanda ya rantse bai san shi ba, ya karɓe su. Na ce ashe bai tashi don ya kama ni ba, ya tashi ne don irina su sami inda za su kai kayansu. Sai dai kayan, mutum da kansa yake kawowa, kuma tun yana numfashi. Na sha roƙon gafara a ɓoye, sau nawa ban sani ba, alhali a Bakura sunan Mamman yana nan a matsayin wanda ya saci hatimi ya kashe tsohuwa. Wannan nadama ce kawai. Tuba ban fara ta ba.

Na je na gaya wa fasto komai, na ajiye dattijantakar. Da kika tambaye ni dalilin da na koma kujerar baya, na ce miki gwiwa ce ke damuna. Wannan ma ƙarya ce, ki yafe mani ita.

Mako biyu bayan tafiyarki na hau kabu-kabu zuwa Janbako. Hanyar ta lalace, kuma mai babur ɗin ya ce in mun ga abin da ba mu gane ba juyawa za mu yi. Allah ya kai mu lafiya. Na tambayi gidan marigayi Mamman mahauci, aka ce ba su san mahauci ba, sai dai Mamman na Bakura. Babban ɗansa Bello, magidanci mai 'ya'ya huɗu, ya shigar da ni zaure, ya kawo ruwa, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Sai na faɗa masa duka, ban rage komai ba.

Bello ya ce, "Kai ne Malam Ishaya." Na ce ni ne. Ya ce, "Ina ɗan shekara tara muka baro Bakura a bayan motar shanu. Har yau ban iya riƙe wuƙar fawa ba, ni da kakannina duk mahauta."

Sai wata murya ta fito daga bayan zana. Mahaifiyarsa ce, Inna Habi, ashe tana ji. Ta ce, "Ya gaya mani tun ranar. Ya hana ni gaya wa ɗiya, ya ce kada su tashi da ƙiyayya a ciki. Mi ya hana ka zuwa yana da rai? Ya yi ta zaton za ka zo."

Na durƙusa a zauren nan, tsoho da ni, na ce su yafe mani don Allah.

Bello ya ce, "Abin da ka yi mana, ni da ƙannena, na yafe, don ina son Allah ya yafe mani. Na Baba kuwa ba ni da ikon yafe shi, yana tsakaninku. Amma ka je inda ka faɗi ta farko, ka faɗi wagga."

Ranar kasuwa ta gaba na je Bakura. Sarkin Fawa na wancan lokaci ya rasu, ɗansa ne a kai. Na roƙe shi ya tara mani mahauta, na tsaya a cikin lakar mayanka na ce Mamman bai saci hatimi ba, ni na miƙa masa, ya kuma roƙe ni in duba na ƙi. Yawancinsu samari ne, ba su ma san wanda nake magana a kai ba, suna ta kallon juna. Wani tsoho guda da ke zaune a kan turmi yana wasa wuƙa, shi kaɗai ya gane. Ya ce, "Mun zage shi a nan wurin, har da ni." Ya share ido da bayan hannu, ya ce, "Ka makara, Malam. Amma gara da ka zo." Babu wanda ya raka ni bakin hanya. Na dawo gida na ci abinci da yawa, rabon da in ji yunwa irin wannan har na manta.

Ban gama ba. Saura gidan tsohuwar. Na binciko sunanta, Hajara ake ce mata, jaririn da aka yi wa suna kuwa yanzu har ya yi aure. Ranar Litinin zan je, ban san yadda za su karɓe ni ba, kuma duk yadda suka yi suna da gaskiya. Na rubuta wa Dauda takarda irin wannan, yau kwana goma sha ɗaya, shiru. Kada ki matsa masa. Shekarun da ya yi yana jira sun fi haka.

Ga abin da nake so ki riƙe, ɗiyata. Za ki ga mutuwa da yawa a aikinki, har ta zama miki abin yau da kullum. Duk wanda kika rufe wa ido, ki tuna zai sake buɗe shi. Duk wanda kika yi wa magana, ki yi ta yadda za ki iya haɗa ido da shi a gaban Almasihu. Kada ki bar zuwa sujada, amma kada ki ɓuya a cikinta kamar yadda na yi. Rai madawwami kyauta ce, jinin Almasihu ya biya, ba wanda ya isa ya saye ta da halin kirki. Sai dai ba a karɓar ta da hannun da ke dunƙule a kan wani abu.

Roƙo ɗaya gare ni. In Ubangiji ya kira ni kafin ki zo hutu, ku sa ni kusa da mamanki. Idan aka tashi yabona a bakin kabari, kada ki bari a ce ban taɓa cutar kowa ba. Ki ce mai zunubi ne da ya tuba a makare, yana kwance yana jiran a kira sunansa.

Allah ya tsare fitarki da shigarki. Ya kare ki daga sharrin hanya, da mugun abokin shawara, da taurin kai irin na ubanki. Ya kawo wa ƙasarmu zaman lafiya, ya dawo mani da ke in gan ki da idona. Ki riƙa sa rigar sanyi. Ranar Litinin da hantsi, in kin sami sarari a wurin aiki, ki yi mani addu'a.

Ni ne mahaifinki,
Ishaya.